Ƙararrawar Paloma

Tijuana, Fabrairu 1998

Yaya Nabor,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Amparo da yara. Ka gaida min Mama, ka ce mata ta daina ɗaukar bokitin madara da wannan bayan nata. Cukun da ta aiko ta hannun Don Meliton direba ya iso, wasiƙarka ma ta sha mai kamar kullum har sai da na ɗaga ta sama kafin na iya karantawa.

Ni lafiya lau, aikin kamfani ne dai ba sauƙi. 'Yata Tila ce ba ta da lafiya. Tun bayan Kirsimeti kaluluwa ta fito mata a wuya, na ɗauka ta haƙori ce, yarinya 'yar shekara shida ai tana cikin famfara. Sai abin ya ƙi sauka, ga zazzaɓin yamma, ga rama. Rigar da ka saya mata bara yanzu sai na sa fil a kafaɗa.

A asibiti sun tsotsi ruwan wurin da allura, suka ce tarin fuka ne. Na ce yarinyar da ko atishawa ba ta yi? Likitar, wata mace ce mai suna Barragan, ta ce ba dole sai an yi tari ba, akwai wanda ta baki yake shiga. Ta ɗora ta kan magani iri huɗu. Sannan ta dube ni ta saman gilashinta ta ce, "Tana shan madarar da ba a tafasa ba? Ko ɗanyen cuku na ƙauye?"

Kafin in buɗe baki Tila ta cafe, "Ni fa saniya gare ni! Sunanta Paloma, kawuna ya ba ni. Kakata ke min cuku da nononta."

Likitar ta yi dariya, amma na ga ta rubuta.

Shi ya sa nake tambayarka, kuma don Allah kada ka ɗauke shi da zafi, na san halinka. Shanunmu lafiyarsu ƙalau? Babu wadda ke tari ko ramewa? Ka ba ni amsa a dawowar Don Meliton.

Ƙanwarka,
Herlinda

*

Salitre, Maris 1998

Ƙanwata Herlinda,

Mun gaishe ki, mun gaida Tila. Kowa lafiya, sai rani da ya matsa, mun fara ƙona ƙayar murtsunguwa muna ba dabbobi. Mama ta yi kuka da aka karanta mata zancen wuyan yarinyar, ta yi alwashin za ta taka da ƙafa har San Juan wurin Budurwa Maryamu in Tila ta warke. Layin da kika yi tambaya kan shanu ban karanta mata ba.

Kin ce kada in ɗauka da zafi. To na ɗauka. Da wannan cukun aka raine ki, Herlinda, da shi aka biya miki makaranta har kika iya rubuta wasiƙa mai daɗin karatu haka. Yau shekara uku a birni sun isa ki tambaye ni ko shanun Baba na da cuta? Ki tambayi hayaƙin kamfaninku tukuna.

Amma don hankalinki ya kwanta: kowace shekara malamin dabbobi na gwamnati yana zuwa, ya yi musu allurar gwaji a gindin wutsiya, ya dawo ya lalube wurin. Wadda ta kumbura a yi mata tambari da ƙarfe mai zafi a muƙamuƙi, sai mahauta. Mu ko ɗaya ba a taɓa ɗauka mana ba. Kin san dalili? Ba na jira cuta ta zo. Akwai wani farin gari da ake sayarwa a shagon abincin dabbobi, maganin tarin shanu. Wata guda kafin zuwan malamin nake barbaɗa musu a dusa, ya wuce in daina. Duk Salitre haka ake yi, ni dai na fi su hannu ne. Paloma kuwa ninki nake ba ta, saboda takan ɗan yi gyaran murya da sanyin safiya, kuma ta 'yata ce. Tun ranar da na riƙe Tila a coci aka yi mata baftisma na ba ta 'yar maraƙar nan, Mama ba ta taɓa haɗa nononta da na sauran ba. Daban take tatsa, daban take matsewa, duk ya tafi wurin mai shi.

Ga cuku biyu. Ga kuma garin nan na ɗibar miki a cikin ledarsa, tunda kin ce tarin fuka ne. Ki sa mata ɗan kaɗan a kunu, abin da yatsa uku za su ɗauka. Abin da ya riƙe saniya ai ba zai kasa 'yar mitsitsiyar yarinya ba.

Ki ce mata Paloma na nan da ƙararrawarta. Na tuna zuwanku na ƙarshe, shanu na can bayan tudu ba a ganinsu, ta ɗaga yatsa ta ce, "Kawu, shiru! Ga tawa can." Kuma ita ce. Yarinyar nan kunnen zomo gare ta.

Yayanki,
Nabor

*

Tijuana, Maris 1998

Yaya,

Ina fatan kuna lafiya.

Saura kaɗan in ba ta. Na dama kunun, na buɗe ledar, sai wani abu ya ce min bari dai in nuna wa likita. Ta juya ledar ta karanta ƙaramin rubutun baya, ta cire gilashinta ta ajiye. Sai ta ce in miƙo magungunan Tila. Ta ware guda ɗaya ta sa kusa da ledarka.

"Wannan da wannan abu ɗaya ne," in ji ta. "Shekara nawa yake ba su?"

Na ce ban sani ba, na ce ai rigakafi ne.

"Rigakafin malamin dabbobi dai. Wutsiya ba za ta kumbura ba, amma cutar na nan ciki."

Bari in faɗa maka yadda ta yi min bayani, ka karanta a hankali. Ƙwayar cutar tarin shanu ba iri ɗaya ba ce da ta mutane. Cikin magunguna huɗun nan akwai ɗaya da ba ya taɓa ta ko kaɗan, haka aka halicce ta, gado ne a jikinta tun kaka da kakanni. Saura uku ke nan. To in ka ba saniya ɗaya daga cikin ukun shi kaɗai, wata guda, ka daina, ƙwayoyin da ba su da ƙarfi su mutu, 'yan kaɗan ɗin da maganin bai iya da su ba su rage su hayayyafa, 'ya'yansu su gaji taurin. Ta ce kai makiyayi ne za ka fi ta ganewa, kamar yadda kake ajiye maruƙan da suka jure rani ne. Shekara da shekaru kana zaɓar masu tauri, Yaya, kuma a cikin Paloma ka fi zaɓa.

Shi ya sa wuyan bai sauka ba. Yanzu ta ƙara mata allura kullum a ɗuwawu. Na tambaye ta har yaushe, ta ce nan ne matsalar. Ruwan da suka ɗiba a wuyan Tila sun shuka shi a ɗakin gwaji don su ga wane magani ke kashe ƙwayoyin, bai tsiro ba. Ta ce na shanu haka suke da wuyar sha'ani. Tunda ba ta san abin da ya rage yana aiki ba, ba za ta iya cire allurar ba. Allurar kuma tana cin kunne. In an daɗe ana yi, ji yana tafiya kuma ba ya dawowa.

Hanya ɗaya ce. A jikin saniyar ƙwayoyin sun fi yawa. A kai Paloma mahauta a gaban malamin dabbobi, ya yanki huhu da kaluluwarta ya aika ɗakin gwaji na Guadalajara. Likitar ta ce ita za ta buga musu waya da kanta. In aka ga ƙwayoyin haɗiya sun isa, a ranar za a daina allurar.

Na san abin da nake roƙonka. Ka yi shi a makon nan. Kuma ku fara tafasa madarar da yaranka ke sha, kada kuma a sake aiko min da cuku.

Herlinda

*

Tijuana, Mayu 1998

Yaya Nabor,

Ko kuna lafiya ban sani ba, tunda ba ka ga damar faɗa min ba.

Sau biyu ina zuwa tashar mota. Na farko Don Meliton ya ce babu saƙo. Na biyu ya miƙo min ƙunshi a tsumma, tun kafin in karɓa na ji warin. Na kwance, cuku ne, babu takarda.

Na ce, "Don Meliton, wa ya ba ka wannan?"

Ya ce, "Tsohuwa da kanta. Ta ce a ba jikarta ta yi ƙiba."

"Yayana fa?"

Ya cire hularsa yana sosa ƙeya. "Ni dai direba ne, 'yata. Ya ce min yana tunani."

"Saniyar fa, tana nan?"

"Ni duk fari da baƙi nake ganinsu."

A nan gabansa na jefa shi a kwandon shara, na tsaya ina kuka mutane na ratsa ni da jakunkuna. Cukun Mama, Yaya. Ke nan ba ka ma gaya mata ba.

Tila ta yi mako biyu a kwance a asibiti, abin ya taɓa cikinta. Yanzu mun dawo gida, zazzaɓin ya ragu, tana ɗan cin wake da gurasar masara. Ɗuwawunta duk ya yi tauri, ma'aikaciyar jinya sai ta yi ta neman wurin da za ta soka. Ba ta ma kuka yanzu, sai dai ta kama siket ɗina. Jiya ta ce min, "Mama, ki kori ƙudan zuman nan." Na duba ɗakin kaf babu komai. Ta ce a cikin kunnenta suke.

Ka gama tunanin?

Herlinda

*

Salitre, Mayu 1998

Herlinda,

Muna lafiya. Wasiƙunki biyu suna hannuna. Ta farkon na karanta ta har ta fara yagewa a ninki, kuma duk karantawa abu ɗaya nake gani: ni na sa wa Tila cuta da hannuna, na zauna na zaɓa mata ita kamar mai zaɓen iri. Kin rubuta wa yayanki haka kuma kina mamakin ya yi shiru.

Ke kina ganin saniya ɗaya ce. In malamin ya buɗe Paloma ya ga wani abu, ba zai tsaya kanta ba. Zai rufe garken, ya hana ni ba su komai, ya dawo ya gwada su ba gari a cikinsu. Daga nan ya shiga gidan maƙwabcinmu Crispin, ya shiga gidan 'ya'yan Don Fidencio, tunda rijiya ɗaya muke shayarwa. Motar madara ta daina tsayawa a Salitre. Na ɗan taɓa zancen wa Crispin a bakin shago, ya ce, "Kai Nabor, likitan birni ce za ta koya maka saniya? In ka jawo mana gwamnati, ka nemi wanda zai ɗauki akwatin gawarka." Da dariya ya faɗa, amma babu wanda ya taya shi.

Mama kuma me kike so in ce mata? Matar da ke tashi tun kafin zakara ta tatsi saniyar nan daban saboda ƙauna?

Ban ce ba zan yi ba. Paloma na da ciki, wata bakwai. A bari ta haihu, ko ba komai Tila ta samu madadi. Ki tambayi likitar ko babu wata allurar mai sauƙi kafin lokacin. Amparo ta fara tafasa wa yara madara, suna ta ƙorafi wai ɗanɗanon tukunya.

Nabor

*

Tijuana, Yuni 1998

Yaya,

Ban ce ka yi da gangan ba, kuma ba ni da lokacin lallashinka. Babu wata allurar. Wata biyun da kake nema daga kunnen Tila za a cire su.

Yau na kira ta daga bakin ƙofa sau uku tana wasa ta ba ni baya. Sai da na zagaya ta gefen hagu. Ta ce, "Me ya sa kike magana ƙasa-ƙasa yanzu?"

Kai ka riƙe ta a gaban bagadi, firist ya tambaya ka amsa a madadinta. Ban san abin da zan ƙara maka a kan wannan ba. In ba za ka iya gaya wa Mama ba, ka ba Amparo takardar nan ta karanta mata, har wannan layin.

Herlinda

*

Salitre, Yuni 1998

Ƙanwata,

Gaisuwa, da fatan Tila ta samu sauƙi. An yi.

Ni na karanta wa Mama, duka, tun daga ta Fabrairu. Tana matse cuku lokacin. Da na gama ta goge hannu a zaninta ta ce, "Tun yaushe takardun nan suke aljihunka?" Na faɗa mata. Herlinda, rabon da Mama ta mare ni tun ina kiwon maruƙa. Ta ɗauki kwanon gaba ɗaya ta juye a rami ta rufe da ƙasa don kada kare ya ci, ta shiga turke ta kwance Paloma da kanta ta miƙo min igiyar.

A mahauta na tsaya, ban fita ba. Saniyar nan kin san ta, sumul, gashinta har ƙyalli yake. Ina ta addu'a a buɗe a ga babu komai in zo in yi miki tsiya. Da malamin ya tsaga huhun, wuƙar har ƙara take kamar ta shiga yashi. Ciki duk ƙulle-ƙulle ne rawaya, ya matsa ɗaya ya fashe, abin da ya fito sak cukun da ya kwana biyu. Har a hantsarta akwai. Na fita waje na yi amai.

Ya ce, "Ya aka yi wannan ta wuce min gwaji shekara biyar?" Daga baya na kai shi rumbu na nuna masa buhun garin. Ya yanki abin da zai yanka ya sa a ƙanƙara, ya ce a ranar zai tafi Guadalajara, amma ƙwayoyin cutar nan ba sa saurin tsirowa, sai an yi kamar wata biyu kafin a ji. Wata biyun da, da na ji maganarki tun farko, da yanzu sun wuce. Na sani, ba sai kin faɗa ba.

An rufe garken. Crispin ya daina amsa gaisuwata, matarsa ta canza benci a coci. An ɗauki jinin yarana da na Amparo da hoton ƙirji, muna jira. Mama ta ce ba za ta jira Tila ta warke ba, ranar Asabar za ta kama hanyar San Juan.

Don Meliton ya karɓi saƙon yana jujjuya shi, wai yau ne karo na farko da kayan gidanmu ba sa wari. Ƙararrawar ce. Na wanke ta da toka, na sa sabuwar igiya. Ki ba mai ita, ki ce kawunta ya ce ta yi haƙuri.

Yayanki,
Nabor

*

Tijuana, Satumba 1998

Yaya Nabor,

Na gaishe ka, na gaida Amparo da yara, na gode Allah da hotunansu suka fito ƙalau. Ka ce wa Mama ta jiƙa ƙafafun nan a ruwan gishiri, ta kuma zauna wuri ɗaya. Na ji shanu nawa aka ɗauka maka. Ban yi murna ba, Yaya, ko kaɗan.

Sakamakon ya iso. Kamar yadda likitar ta zata ne, garinka ba ya yi wa ƙwayoyin cutar komai, amma sauran magungunan biyu suna kashe su sarai, akwai ma wata ƙwaya da za a iya ƙarawa. A ranar ta soke allurar. Ta gyara gilashinta ta ce da an san haka tun Mayu, da ba a kai nan ba. Tila za ta sha ƙwayoyi har baɗi war haka, amma za ta warke. Wuyan ya sauka sai tabo, na cire fil ɗin kafaɗar rigarta. Ka gaya wa Mama wannan da farko.

Ƙararrawar ban ba ta ba da ta iso. Na naɗe harshen da tsumma na ɓoye a akwati, na ce sai ranar da aka daina allura ta zama tukwici. Da muka dawo daga asibiti na sa ta rufe ido, na ɗora mata a cinya. Ta gane ta nan take, ta rungume tana tsalle a kan gado, tana tambaya ko Paloma ta samu sabuwa. Na gyaɗa kai. Wannan bayanin na bar maka shi sai mun zo.

Sai ta cire tsumman ta kaɗa. Maƙwabciyata har ta leƙo ta taga don ƙara. Tila ta kaɗa a dama, ta mayar hagu ta manna da kunnenta ta sake kaɗawa da ƙarfi. Ta juya ta ta leƙa ciki, ta taɓa harshen da yatsa. Sannan ta miƙo min, da wannan babbar muryar da take magana da ita yanzu.

"Mama, ki rubuta wa Kawu ta lalace a hanya. Ki ce ya aiko min mai ƙara."

Na ce mata zan rubuta. Ga shi na rubuta.

Ƙanwarka,
Herlinda